Mai hoton da ya koma bidiyo don ya farfaɗo: kada ya fara da sayen kyamara

Jama'a, akwai shawarar da ake yawan ba mai ɗaukar hoto idan aka ga jikinsa ya yi sanyi da sana'a, ko bayan doguwar jinya, ko rasuwar wani nasa, ko mutuwar aure, ko ya samu ya rabu da shaye-shaye yana neman abin riƙewa. Sai a ce masa ya koma bidiyo, ai can kasuwa take. Na yarda da shawarar, amma a ganina ba kasuwar ce babban amfaninta ba, kuma yadda yawanci suke shiga harkar shi ke ƙara jefa su cikin ramin da suke son fita.

Hoto ana iya ɗaukarsa ba a ce wa kowa uffan ba. Ka danna, ka wuce. Bidiyo ba ya yarda da haka. Dole ka nemi izini, ka zauna da mutum, ka saurare shi har ya kai aya, ka tsara tun jiya abin da za ka ɗauka yau, gobe kuma ka zauna tacewa. Wanda ƙunci ya kwantar, abin da ya fara rasawa ke nan: dalilin tashi da safe da dalilin shiga mutane. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar jinya da aka gina a kan wannan, wato a tsara wa mutum ƙananan ayyuka masu lokaci ya riƙa yi tun kafin sha'awa ta dawo masa, domin sau da yawa sha'awar a bayan aiki take biyowa. A 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya duba rubuce-rubucen bincike sama da 900 kan alaƙar ayyukan fasaha da lafiya, ta kuma nuna suna da rawar takawa wajen rigakafi da jinya.

Sai dai kyamara ba magani ba ce. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke yi masa daɗi, ko ya fara jin gara ma ya mutu, asibiti ya kamata a fara kai shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a asibitin koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma aikin bidiyon zai fi tafiya daidai idan yana tafe tare da magani da addu'a.

To, batun kaya. Tun 2008 da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito da ɗaukar bidiyo, kusan duk kyamarar hoton da ta biyo baya tana iya wannan aiki. Wadda ke hannunka ta isa koyo. Mutumin da ke fama da kansa ya je ya ci bashi ya sayo sabuwar kyamara da gimbal (mariƙin hana kyamara girgiza) da jirgi mara matuƙi, ya ƙara wa kansa wani ciwon ne, domin mai bin bashi ba ya jiran ka warke. Abin da ya cancanci kuɗinka na farko guda uku ne: makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, tsayayyar ƙafa uku ta ɗora kyamara, da gilashin rage haske da ake kira ND.

Kuskuren farko da hannun mai hoto ke yi shi ne wasa da shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. A hoto, rana ta yi yawa sai ka kai 1/1000 na daƙiƙa ka huta. A bidiyo ba a taɓa ta haka. Ka sa kyamara a firam 25, wato hotuna 25, cikin daƙiƙa, shota a 1/50, ka bar ta nan. Je ka gwada a teburin mai shayi lokacin da yake ɗaga kofi yana zubo shayin daga sama. A 1/50 shayin zai zubo sumul kamar yadda ido ke ganinsa. A 1/1000 za ka gan shi yana yankewa gutsure-gutsure, hannun mai shayin yana fizga. Idan kana son ka rage gudun motsi daga baya, ɗauki firam 50 da shota 1/100. Dalilin zaɓen 25 maimakon 30 kuwa wutar lantarkinmu ce, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Gana, ta Amurka kuwa 60. Ka bi saitin da ka gani wurin Ba'amurke a YouTube ka shiga ɗakin taro da firam 30 da shota 1/60, sai ka dawo gida ka tarar da layuka suna yawo a fuskar amarya, kuma cire su wahala ce babba.

Tunda shota ta tsaya wuri guda, ranar tsaka za ta ƙone maka hoto. A ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske) da 1/50, hasken azahar yana neman a tsuke ƙofar lens zuwa kusan f/22. Idan kana son buɗe ta zuwa f/2.8 don baya ya dushe, tazarar mataki shida ce, wato gilashin ND64 kake buƙata ke nan. Wanda ya ƙi saye ya ce zai tsuke lens zuwa f/22 zai haɗu da wata matsalar, musamman da hunturu: duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. A hoto danna ɗaya ke goge ta. A bidiyo tana nan cikin firam 1,500 na kowane minti. Kada ka canza lens a fili lokacin ƙura, ka shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Launi ma a kulle shi da hannu, a ma'aunin launin haske kusan 5600K a hasken rana, 3200K a ƙarƙashin ƙwai mai jan haske. Ka bar shi a otomatik, ango ya gifta da farar shadda, sai fatar kowa ta canza launi a tsakiyar magana.

Inda nake son a daɗe shi ne sauti, domin nan ne mai hoto ya fi rauni, nan ne kuma na fi ganin amfanin aikin ga zuciya. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai yi daƙiƙa goma da muryar da ba ya ji ba. Makirufon cikin kyamara yana nesa da baki, don haka abin da zai kwaso shi ne janareta da fanka da ƙarar Keke Napep. Maƙala na wuya kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa, ka tabbata mayafi ko sarƙa ko wuyan babbar riga ba sa gogarsa. Kashe saitin ƙara na otomatik, ka daidaita da hannu yadda murya mafi ƙarfi za ta tsaya wajen -12 a ma'aunin sauti, kada ta taɓa sifili, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Sa iyafis a kunne tun daga farko har ƙarshe. A kashe fanka ko da za a yi gumi na minti biyar, a matsa nesa da injin. Idan an gama hira, roƙi kowa ya yi shiru ka naɗi daƙiƙa 30 na sautin ɗakin kawai, da shi za ka cike giɓi wajen tacewa. Kuma idan mutum ya gama amsa, kada ka yi caraf ka jefa wata tambayar. Ƙirga uku a zuci. Mafi yawan maganar da ke taɓa rai a cikin wannan ɗan shirun take fitowa. Wanda ya yi watanni ba ya jin komai sai surutun cikin kansa, zama da iyafis yana bin numfashin wani dattijo yana ba da labarin sana'arsa ba ƙaramin sauƙi ba ne gare shi.

Hannu kuma sai ya koyi haƙuri. Kowane ɗauka a riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba motsi, ba zumin, ba lilo. Kowane abu a ɗauke shi sau uku: daga nesa a ga wurin, daga tsakiya a ga mutumin, daga kusa a ga hannu. A marinar Ƙofar Mata, misali, na nesa zai nuna jerin ramukan, na tsakiya marini a tsugune, na kusa kuma yatsunsa da suka rine shuɗi suna matse zane baba yana ɗiga. Da waɗannan ukun da muryarsa an samu fim. A nemi izininsa tukuna, a kuma koma a nuna masa idan an gama.

Lissafin ajiya yana ba sababbi mamaki. Kyamarar da ke ɗauka a 100 Mbps (yawan bayanan da take rubutawa a daƙiƙa) tana cin kusan 750MB a minti, wato 45GB a awa. Memori ya zama mai alamar saurin rubutu V30 ko sama, in ba haka ba ɗauka na iya tsayawa da kanta. Tsofaffin kyamarori da yawa suna yankewa a minti 29 da daƙiƙa 59, don haka a sa ido lokacin doguwar nasiha. Batir uku shi ne mafi ƙaranci, kuma a kare kyamara daga rana da lema ko farin ƙyalle don kada zafi ya kashe ta. Da an dawo gida a kwafe aikin wuri biyu daban kafin a goge memori.

Tacewa ita ce wurin haɗari ga mai farfaɗowa. Cikin manhajojin tacewa, DaVinci Resolve yana da na kyauta, CapCut yana aiki ko a waya, wannan ba matsala. Matsalar ita ce aiki ne na kaɗaici, kuma saboda wuta ta fi zama da dare sai mutum ya kwana gaban kwamfuta har kiran assalatu. Rashin barci yana dawo da ciwon damuwa, yana kuma buɗe ƙofar komawa ga abin da aka bari da sunan neman ƙarfin aiki. Shawarata awa biyu a zama ɗaya, da rana in da hali, kuma a shagon da akwai mutane. Fim ɗin minti ɗaya a mako ya isa: Litinin a nemi izini a rubuta ɗauka goma a takarda, Talata a ɗauka, Laraba da Alhamis a tace, Juma'a a nuna wa mutum biyu da aka amince da su. Ko bai yi kyau ba a rufe shi a shiga na gaba. Kada a yi saurin sa shi a TikTok ana ƙirga masu kallo, zuciyar da ba ta gama warkewa ba ba ta jure wannan awo.

Aikin biki kuwa a jinkirta shi. Ɗaurin aure minti kaɗan ne kuma ba a maimaita shi, ranar da sauti ya ɓace ba abin da za ka faɗa wa iyayen amarya. Bayan fim takwas ko goma na gwaji, ka bi wani gogagge a matsayin kyamara ta biyu a kamu ko dina sau uku ko huɗu. Ranar da za ka karɓi naka, a rubuta a takarda tsawon bidiyon, a tsaye ake so don waya ko a kwance don talabijin, gyara sau nawa ne kyauta, da ranar bayarwa, ka kuma ƙara mako guda a kan ranar da kake jin za ka iya gamawa.