Ƙungiyar sa-kai ce ko ofishin jiran tallafi?

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, ta kuma rufe USAID, hukumarta mai raba wannan tallafi, a watan Yuli, kuka ɗaya ake ta ji: wai ƙungiyoyin sa-kai sun shiga uku. Asibitin da magani ya yanke masa, kukansa na gaskiya ne, ba da shi nake ba. Ina magana ne da masu kiran kansu 'yan sa-kai, amma ranar da kuɗin baƙo ya ɗauke suka sa wa ofis kwaɗo.

Sa-kan me ke nan? Ai waɗannan ma'aikata ne da albashinsu ya tsaya. Shekara da shekaru sun saba da taron bita a otal, kuɗin zama, hoto da rahoto. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: bana mai ba da kuɗi yana son muhalli, sai su zama masu dashen itace, baɗi ya koma kan zaɓe, sai su rikiɗe masu sa ido.

A duba waɗanda suka daɗe. Ƙungiyar RNLI tana ceton mutane a tekun Birtaniya da Ireland tun 1824, akasarin matuƙan jiragenta kuwa ba albashi suke ɗauka ba. Aikinta ɗaya ne, kowa ya san gurbinsa, kuma idan bai fito ba za a ga giɓinsa. Alcoholics Anonymous, ta masu neman barin giya, wadda ta faro a 1935, ƙa'idarta ce ma ba ta karɓar gudummawar wanda ba ɗan ƙungiya ba. Ƙungiyar agaji ta Rotary ta kama yaƙi da cutar shan inna a 1985 ba ta sake shi ba. A 1988 ana samun masu kamuwa kusan 350,000 a shekara, yau ƙwayar cutar ta asali ta rage a Afganistan da Pakistan kaɗai. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma shekara arba'in kan abu guda ba wasa ba ne.

Masu cewa zamani ya canza, yanzu yawan mabiya a intanet ne ƙarfi, su tuna Kony 2012, bidiyon da ya nemi a kama madugun 'yan tawayen Uganda Joseph Kony: an kalle shi sau miliyan 100 cikin mako guda, Joseph Kony kuma har yau bai gurfana gaban kotu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shugaban da ya kafa ƙungiya, shi ne ma'aji, shi ne kakaki, mambobi kuwa sai ranar ɗaukar hoto ake tuna su. Wanda ba a taɓa danƙa wa aiki ba, don me zai dawo?

A dawo da kuɗin wata-wata da mambobi ke biya komai ƙanƙantarsa, a karanta lissafi a gaban kowa, a sa wa kujerar shugaba wa'adi. Sauran kuma su cire kalmar sa-kai daga allon ƙofarsu, su yi rajista a matsayin 'yan kwangila.