Na'ura ba za ta zauna a madadin dattijon Shara Mansur ba

A Saudiyya ta yau da wuya mutum ya yi hulɗa da hukuma ko banki ko asibiti ba tare da ya bi ta wayarsa ba. Manhajar Absher ce ke riƙe da al'amuran iƙama da fasfo, Tawakkalna da ta fito a 2020 lokacin annobar korona ta zama jakar takardun mutum, Nusuk kuma ita ce hanyar neman izinin shiga Rauda a Madina. Wannan ya rage wa jama'a dogayen layuka, kuma abin yabo ne. Damuwata ita ce waɗanne irin mutane ake gwada manhajoji da su kafin a sake su, musamman yanzu da kamfanoni ke ɗokin miƙa wannan aiki ga ƙirƙirarriyar basira (AI), wato na'urar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam.

A watan jiya na zauna a shagon wani dattijo tela a Shara Mansur a Makka, mutumin da ya haura shekara talatin a ƙasar nan, yana karanta Alƙur'ani da ajami, yana kuma ciniki da Larabci. Yana so ya aika wa 'yarsa kuɗi Kano ta wata manhajar aika kuɗi. Aka turo masa lambar sirri ta saƙo, ya fita daga manhajar ya buɗe saƙon, ya gyara tabarau, ya kwafi lambobin ɗaya bayan ɗaya a gefen littafin awonsa, kafin ya dawo wa'adin lambar ya ƙare. Sau uku yana yin haka, aka rufe masa asusun. Ya ajiye wayar a kan keken ɗinki ya ce, "Ɗana, tsufa ne, abin nan ba namu ba ne." Na ce, "Baba, ba laifinku ba ne, wanda ya tsara ta bai taɓa ganin irinku kuna amfani da ita ba."

Abin da ya kamata ya hana aukuwar haka shi ne gwajin sauƙin amfani, kuma ba aiki ne mai tsada ba. Ana samo mutum daga cikin waɗanda aka yi manhajar dominsu, a ba shi aiki guda, misali ya aika riyal ɗari, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani, sannan mai binciken ya yi shiru ya zuba ido, yana rubuta inda ya tsaya, da inda ya ɓata, da tsawon lokacin da ya ɗauka. A shekarar 2000 masanin irin wannan gwaji Jakob Nielsen ya bayyana cewa mutum biyar kan isa a gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin tsari, amma ya gindaya sharaɗi: idan masu amfanin rukuni-rukuni ne, dole a gwada da kowane rukuni. Ma'aikacin ofis ɗan shekara ashirin da biyar a Riyad da dattijon Shara Mansur ba rukuni ɗaya ba ne.

Zuba idon nan ya fi muhimmanci a wajenmu saboda kunya da kara. Idan baƙo ya tambayi tsohuwa Bahaushiya yadda ta ga manhaja, amsarta ita ce alhamdulillahi, ta yi kyau, ko da kuwa ta kasa wuce shafin farko, domin a tarbiyyarmu ba a kushe wa mutum aikinsa a gabansa. Takardar tambayoyi ba za ta kamo gaskiya ba; yatsanta da ya tsaya cak a kan allo ne zai faɗa.

Ƙirƙirarriyar basira tana da amfani a wannan fage, kuma Saudiyya ta ɗauke ta da gaske tun da ta kafa hukumar kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, SDAIA, a 2019. Tana iya mayar da hirar sa'o'i zuwa rubutu, ta tace dubban koke-koke, ta nuna shafin da mutane suka fi tsayawa. Inda nake ja da ita shi ne sabon salon da ake umartar manhajar hira ta ɗauki kanta a matsayin alhaji ɗan shekara saba'in, a yi mata tambayoyi, a ce an yi bincike. Daga rubutun intanet ta koyi mafi yawan abin da ta sani, Hausa kuwa kaɗan ce a can, maganar tsofaffinmu ta fi ƙaranci. Hannunta ba ya rawa, hasken rana bai taɓa hana ta ganin allo a Mina ba, kusa da Makka inda a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, ba ta kuma taɓa jiran saƙo a layin Najeriya da ya ƙi shigowa ba.

Su ma alƙaluman da na'ura ke tarawa suna iya yaudara. Da aka buɗe asusun dattijon nan, ya miƙa wa jikansa wayar da lambar sirrin, a take kuɗi suka tafi. A lissafin kamfani wannan nasara ce, alhali mai asusun bai iya ba, kuma wanda ba shi da jika wani baƙo zai miƙa wa sirrinsa, ta nan ne 'yan damfara ke samun shiga.

Alhazai fiye da miliyan 1.8 ne suka yi Hajjin 2024, kujerun Najeriya kaɗai 95,000 ne, ga Hausawan Nijar da Gana da Sudan. Tun da har ana fassara huɗubar Arafa zuwa Hausa, an san girman wannan jama'a. Makka da Madina da Jidda cike suke da matasanmu masu jin Hausa da Larabci kamar ruwa. Kamfanoni su ɗauke su aiki su horar da su, mata su zauna da mata, a nemi izini kafin a naɗi muryar kowa, a kuma biya wanda aka ci lokacinsa. Hukumar alhazai ta Najeriya ita ma tana iya zaunar da maniyyata biyar-biyar a lokacin bita, ta kalli yadda suke fama da manhajojin da za su buƙata, ta aiko da sakamakon ga masu tsara su tun kafin jirgin farko ya tashi.