Kafsul ba maganin mura ba ne

'Yan uwana matasa, don Allah mu yi wa kanmu faɗa kan yadda muke haɗiyar Amoxil da Ampiclox da Flagyl kamar gyaɗa. Mura ta kama mutum, sai kemis. Ciki ya ɗan murɗa, sai a ɓallo ja-da-yalo guda biyu a kora da ruwa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne jaririn da ko suna ba a yi ba, ana ɗiga masa Ampiclox a baki, wai riga-kafi.

Waɗannan magunguna da ake kira antibayotik, ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya suke kashewa. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro kuwa wata ƙwayar cuta daban da ake kira bairos ke kawo su, kafsul ba ya yi masa komai. In ka sha ka ji sauƙi bayan mako guda, dama lokacin tafiyar murar ne ya yi. Gudawar yara ma galibi ORS (ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zinc take buƙata, sai fa in an ga jini a bayan gida.

Ɓarnar a ɓoye take. Duk sanda ka sha ba bisa ƙa'ida ba, raunanan bakteriya su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har ka raba wa mutanen gidanku ba ka sani ba. Alexander Fleming, wanda ya gano antibayotik ɗin penisilin a 1928, tun 1945 ya yi gargaɗin haka. Ga shi a 2019 an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma abin ya fi yi wa illa. Mu ke nan.

Akwai ranar da maganin nan ke ceton rai da yardar Allah: ciwon huhu na nimoniya, sanƙarau, tarin fuka, ciwon sanyi, rauni mai mugunya, taifot na gaskiya. Na ce na gaskiya, domin ba kowane zazzaɓi ne taifot ba. A fara gwada maleriya tukuna. A irin wannan rana, bari likita ko ma'aikacin lafiya ya duba ka ya rubuta, ka sha yadda aka ce, kan lokaci, har kwanakin su cika. Kada ka ajiye ragowa don gobe, kada kuma ka miƙa wa ƙaninka don ka ji tarinku ya yi kama.