Karatun Faransanci a gida: abin da inna ta riga su sani

Ranar 12 ga Maris 2020 gwamnatin lardin Ontariyo a ƙasar Kanada ta sanar da rufe makarantu saboda korona. An ce mako biyu ne bayan hutun Maris, sai ga shi yara ba su sake shiga aji ba sai Satumba. 'Yata tana aji biyu a lokacin, a nan Otawa, a tsarin da ake koyar da yawancin darussa da Faransanci ga yaran da ba shi ne harshen gidansu ba. Ma'aikatar ilimi ta yanka wa 'yan firamare awa 5 na aiki a mako, wato kusan awa guda kullum. A zauren WhatsApp na iyaye kuwa kuka ɗaya ake yi: mu da ba ma jin Faransanci, ta ina za mu taimaka?

Kukan ya taɓa ni, domin a irin wannan gida na tashi. A Maraɗi na shiga lakwal, wato makarantar boko, ina ɗan shekara 7, ban san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, kuma tun ranar farko da shi mushe, wato malaminmu, ya tarbe mu. Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Amma bayan isha'i sai ta jawo fitilar ƙwai kusa da tabarma, tana ɓarar gyaɗa a faifai, ta ce, "Karanta in ji." In na kai ƙarshen shafi ta ce, "To, me ya ce?" Dole in mayar mata da labarin da Hausa. In na yi kame-kame, nan take za ta gane baƙin kawai na haddace, ta ce a sake. Ba ta iya gyara mini furuci ba, amma ba a taɓa yi mata wayo a kan fahimta ba.

Lokacin kullen ni ina fita aiki, sai nauyin ya faɗa kan maiɗakina, 'yar Katsina, wadda Ingilishi ta yi karatu da shi. Makon farko ta so ta bi duk abin da aka turo: takardun cikewa, bidiyo, shafukan intanet kala-kala. Yarinya ta gaji, uwa ta gaji, kwamfuta ɗaya ce a gidan. Na ba ta labarin inna, muka rage kaya. Bayan karin kumallo yarinya ta karanta ƙaramin littafi da ƙarfi na minti 20, ta faɗa wa mamanta abin da ke ciki da Hausa, ta rubuta jimla uku a kan abin da ta gani ta taga, sannan ta kalli shirin yara a tashar talabijin ta Faransanci, TFO, don kunnenta kada ya manta sautin. Gyaran furuci da nahawu muka bar wa malamarta da ni in na dawo. A ganina makarantu sun cika aiko da takardu alhali abin da yaron ya rasa shi ne wanda zai saurare shi yana magana.

Akwai dai bambanci babba tsakanin lakwal ɗina da makarantarta, kuma shi ne yake min zafi. Wannan tsari na Kanada iyaye ne suka nema da kansu a garin San-Lamba kusa da Mantiriyal a 1965, da taimakon masana na Jami'ar McGill. A shekarun farko in yaro ya amsa da Ingilishi, malama ta mayar masa da Faransanci, a wuce. Ba a nuna masa harshen gidansu abin kunya ne. Mu kuwa sambol, wata alamar kunyatarwa, ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi Hausa, yana yawo da shi yana laɓe ko zai ji wani ya yi don ya sauke masa. Da yawa cikin abokaina a nan suka tsani karatu. Nijar ta gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma yaron ƙauye har yau yana fama da littafin da babu mai karanta masa a gida, ba wuta, balle intanet.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga 'yan uwanmu a nan sun daina yi wa yaransu Hausa, wai harshe uku zai rikita su. Hausar ce ta riƙe wa 'yata Faransancinta wata biyar, domin da ita uwarta take auna ko ta fahimta. Wanda ya cire ta daga gida ya cire wa kansa hanyar da zai bi ya san abin da ke kan ɗansa.

Har yanzu in dusar ƙanƙara ta hana motar makaranta fitowa, haka muke yi. Ƙaramin ɗanmu ne ke karatun yanzu, yayarsa tana gyara masa furuci. Ranar Lahadi kuma mukan kira Maraɗi, a miƙa wa inna waya, ya ba ta labarin da ya karanta, ita kuma ta tsare shi da tambaya har sai ya faɗi dalilin da ya sa kerkecin ya gudu.