Wa ya ƙirga itatuwan kafin shigowar buldoza?

Tun da Ministan Filaye da Albarkatun Ƙasa na Ghana, Emmanuel Armah-Kofi Buah, ya shaida wa majalisa a Fabrairun 2025 cewa galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, ta taɓa dazuzzuka 44 cikin 288 da gwamnati ta keɓe, maganar da ta cika bakin jami'ai ita ce za a farfaɗo da dajin ya koma yadda yake. An ma ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Tree for Life a Nkawie, nan kusa da Kumasi. To, madalla. Amma yadda dajin yake da can ɗin, wa ya rubuta shi? In ba a san abin da ke wurin ba, kowa zai iya jera itatuwan tik ko akeshiya a layi ya ce ya biya bashi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma ba 'yan galamse ba ne, masu takardar izini ne. Tun 1999 doka ta wajabta wa babban kamfanin haƙar ma'adinai ya kawo rahoton illar aikinsa ga muhalli, ciki har da lissafin tsirran da ke filin. Sai dai kamfanin ne ke ɗauko masanin da zai yi binciken, shi ke biyansa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Masanin da ya dawo ya ce a bar wurin nan, akwai icen da babu irinsa, shin zai sake samun kwangila?

Yanzu kuma an shigo da sabon yayi, wai hoton tauraron ɗan'adam da na jirgi maras matuƙi sun wadatar. Ban yarda ba ko kaɗan. Daga sama kore kawai ake gani. Gonar koko mai inuwar manyan itatuwa takan fito tamkar daji, kuma wannan matsala ce da masu zana taswira a Ghana suka daɗe da sani. Hoton bai ganin abin da ke ƙarƙashi: faffaɗan ganyen nan da mai waakye (shinkafa da wake) a unguwar Aboabo ta Kumasi ke naɗe mana abinci da shi kowace safiya, da prekese, 'ya'yan icen da ake sa wa miya, da saiwoyi da ɓawon da masu maganin gargajiya ke shanyawa a bakin kasuwa. Bai bambanta icen katakon odum da icen wawa, balle ya gane bishiyar goro. Mu kuwa 'yan zango bai kamata a tuna mana darajar goro ba, shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar Asante.

Ko wajen biyan diyya haka abin yake. Ana bi gona-gona ana ƙirga koko da kwakwar manja da ayaba, domin suna da farashi. Icen katakon da ya tsiro da kansa kuwa doka ta sa shi hannun gwamnati, manomi ba zai karɓi ko sisi a kansa ba, don haka bai da dalilin tsayawa sai an rubuta shi.

Kuma ba masana muka rasa ba. A farkon shekarun 1990 an bi dazuzzukan ƙasar nan da ƙafa, aka ba kowane irin ice tauraro gwargwadon ƙarancinsa a duniya, baƙin tauraro ga mafi wuyar samu. Daga wannan aikin aka ware wuraren da ake ji da su a duniya, irin su dazuzzukan Atewa da Tano-Offin. Da dokar L.I. 2462 ta 2022 ta buɗe ƙofar haƙa a cikin dazuzzukan, wannan tsohon lissafin na cikin hujjojin da masu adawa suka riƙe. Cibiyar binciken gandun daji tana Fumesua kusa da Kumasi, jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST tana nan cikin gari, amma a 2019 buldoza ta shiga Atewa tana share hanyar gwajin bokzait, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, alhali daga can kogin Densu ke tasowa, wanda ke cika dam ɗin Weija da mutanen Akra ke sha.

Masu cewa bincike zai jinkirta samar wa matasa aiki su sani zinariyar ba gudu za ta yi ba.

Abin da nake nema shi ne kamfani ya zuba kuɗin a asusu, hukumar kare muhalli ta zaɓi mai binciken. A shiga dajin da damina a kuma shiga da rani, tunda wasu tsirran sai da ruwa suke fitowa, a tafi da tsofaffin mafarauta da masu magani na ƙauyen. A gama wannan kafin a yanke hanyar gwaji ko ɗaya, sannan a karanta sakamakon a fadar sarkin garin da Turanci da Tuwi, yaren Asante, da Hausa.