Haba masu gyara, ku auna hitar injin busar da kaya kafin ku ce ta ƙone!

Abin da wasu masu gyaran lantarki suke yi wa masu shagunan wanki da guga da matan gida a kan injin busar da kaya ya isa haka. Inji yana tashi, ganga tana juyawa, amma kaya su fito a jiƙe, ko ɗumi babu. A kira mai gyara, ko murfin baya bai kwance ba sai ya yanke hukunci: "Hita ce ta ƙone, a kawo kuɗin sabuwa." Da me ya auna? Babu mitar gwada kayan lantarki a jakarsa, daga tasta sai filaya. A biya, a ɗaura sabuwa, bayan 'yan makonni zafi ya sake ɗaukewa, ya dawo ya ce ai kayan zamani ne ba su da ƙarko. Wannan zalunci ne, domin abubuwan da ke hana injin nan zafi sun kai biyar ko shida, kuma yawancinsu sun fi hita arha nesa ba kusa ba.

Hitar ba wani abin sihiri ba ce. Waya ce ta gamin nikel da kiromiyam da aka nannaɗe, aka ɗora a kan 'yan tangaran a cikin akwatin ƙarfe. Wuta ta bi ta cikinta ta yi ja, fanka ta ja iska ta kanta zuwa cikin ganga. Gwada ta ba ya cin minti biyar. A zare filogi daga soket, a kwance murfi, a cire waya ɗaya daga bakin hitar don kada mita ta karanta wani abu daban, a sa mita a ma'aunin om, wato ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta, a taɓa bakunan biyu. Injinan Amurka irin su Whirlpool da Kenmore, masu hita ta wat 5000 zuwa sama a kan bolt 240, suna nuna om 10 zuwa 12. Na Turai masu wat 2000 zuwa 2500 a kan bolt 230 suna nuna om 21 zuwa 27, kuma da yawansu hitar kashi biyu ce, dole a auna kowanne da kansa, kuma kowane kashi shi kaɗai zai nuna fiye da haka. In mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke, kuma sau da yawa ido ma zai ga inda ta rabu. In ta nuna lambar da ta dace, to hitar lafiyarta ƙalau, a bar wa mutane kuɗinsu.

Akwai gwaji na biyu da kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ne mai haɗari. A taɓa baki ɗaya na hitar, ɗaya sandar mitar kuma a kan ƙarfen akwatin. Bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna, wayar ta saki ta kwanta a jikin ƙarfe. Irin wannan injin yakan yi zafi ko an zaɓi iska zalla, yakan kashe bireka, kuma a gidan da ba a haɗa wayar ƙasa ba, jikin injin kansa zai ja mutum. Yara suna wasa a gefen irin waɗannan injina!

To in hita lafiya, ina matsalar? A jikin akwatin hita akwai tamostat mai yanke wuta idan zafi ya wuce kima, kusa da shi akwai fiyus na zafi, wani kuma yana kan bututun fanka. Kowannensu idan yana da sanyi ya kamata mita ta nuna kusan sifili. Fiyus ɗin sau ɗaya yake aiki, in ya yanke ya yanke ke nan. Wasu injinan Turai suna da ɗan maɓalli ja a bayan tamostat, danna shi kawai ake yi zafi ya dawo, amma sai a karɓi kuɗin hita a kan haka. Bayan su akwai makunnin da ke jikin motar da ke juya ganga, wanda ba ya barin wuta ta je wa hita sai motar ta ɗauki gudu, sannan rile, wato ɗan makunnin da ke kan allon kwamfutar injin, sannan bakunan wayoyi da suka yi baƙi saboda sakin da suka yi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne abin da ake yi idan an gano fiyus ne. Maimakon a sayi sabo, sai a ɗauko guntun waya a haɗe bakunansa biyu, a ce an gyara. Wallahi wannan ba gyara ba ne, an cire wa injin mai gadinsa ne. Fiyus ba ya yankewa haka kawai. Ya yanke ne domin zafi ya taru ya rasa hanyar fita, kuma burbushin zaren da ke taruwa a cikin injin yana kama wuta kamar auduga a bakin murhu. Duk wanda ya haɗe fiyus a shagon da aka tara kayan mutane da sauran injina, ya sani rayuka da dukiya yake wasa da su.

Tushen cutar kusan kullum iska ce. Hita tana rayuwa ne da iskar da ke ratsa ta. Ragar da ke tare burbushi ta toshe, ko bututun fitar da iska mai faɗin inci 4 ya lanƙwashe saboda an manna injin da bango, ko fikafikan fanka sun cika da zare, sai wayar ta yi ta ja fiye da ƙa'ida har ta tsinke. Ƙurar hunturu tana ƙara dagula lamarin, ga sabulun laushin kaya da ke like ramukan raga har ruwa ya tsaya a kanta bai wuce ba. Injinan da ba su da bututu, masu tara ruwa a tanki, suna da wani akwati a ƙasa da ake zarowa a wanke da ruwa, kuma da yawa ba a taɓa zaro shi ba tun da aka sayi injin. Mai gyaran da ya sa sabuwar hita bai share hanyar iska ba ya san sarai zai sake dawowa karɓar kuɗi.

Sai maganar wutarmu. A Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ne a kan has 50, wato wutar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Injin Amurka na gwanjo an ƙera shi ne don layi biyu masu bolt 120 kowanne a kan has 60: hita tana shan 240, mota da fitila suna shan 120. Ko an sa wa motar taransifoma mai rage wuta, a kan has 50 gudunta yana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari, fanka ta rage jan iska, akwatin hita ya ƙara zafi, fiyus ya yi ta yankewa. Mai sayarwa bai faɗa ba, mai gyara bai faɗa ba. Kuma idan wuta ta yi ƙasa, zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda ake zato: bolt 230 ya sauka zuwa 170, hitar ba za ta ba da abin da ya wuce kashi 55 na zafinta ba. Kaya ba za su bushe ba, amma ba abin da ya lalace. Hita mai wat 5400 kuwa tana jan amfiya fiye da 22 ita kaɗai, ƙaramin janareto ko siririyar wayar soket ba za su ɗauke ta ba. A auna wutar da ke shigowa yayin da injin ke aiki kafin a zargi komai. Akwai ma sababbin injina masu aiki da kwamfireso irin na firji, waɗanda yawancinsu ba su da hita sam.

Idan kuma ta tabbata hitar ce, a yi aikin da kyau. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire, a duba lambar samfurin injin da ke bakin ƙofa, a sayo mai daidai da bolt da wat ɗin tsohuwar. Kada a ƙulla wayar da ta tsinke, domin ƙullin ne zai fi ko'ina zafi, kuma gajartar wayar tana sa ta ƙara jan wuta. A sauya fiyus da tamostat na jikin akwatin tare, a yanke duk bakin wayar da ya ƙone a matse sabo mai jure zafi, a tabbata nannaɗen bai taɓa ƙarfe ba, a share burbushi tun daga raga har bakin bututu na waje.

Ku kuma masu injina, kada ku miƙa ko sisi sai mai gyara ya nuna muku lambar da mita ta karanta, ya damƙa muku tsohuwar hita ku ga inda ta tsinke, ya kunna injin ba kaya na minti goma kuna tsaye, ku sa hannu a bakin bututun waje ku ji iska mai zafi tana fita da ƙarfi. In iskar ba ta da ƙarfi, kada ku bar shi ya ɗaure murfi.