Korar tarkacen saƙo da sirrin mai magana

Jama'a, yau ina so in yi magana kan dokokin hana tarkacen saƙonni, irin waɗanda ke cika akwatin imel da tallar magani da albishir ɗin cin cacar da ba ka taɓa shiga ba. Ni ma sun ishe ni, wallahi. Kullum da safe sai na share goma kafin in kai ga ɗaya mai amfani. Amma duk sanda na ji ana cewa maganin abin shi ne a tilasta wa kowa bayyana kansa, sai gabana ya faɗi.

Ku dubi abin da ya faru a jihar Bajiniya ta Amurka. Sun yi doka da ta haramta ɓoye asalin inda imel ya fito idan an watsa shi da yawa. Da ita aka kama wani mai watsa tarkacen imel, Jeremy Jaynes, aka same shi da laifi a 2004, aka yanke masa shekara 9. Ni ban tausaya masa ba ko kaɗan. Sai ga shi a 2008 kotun ƙolin jihar ta soke dokar, saboda ba ta tsaya kan talla ba, ta haɗiye har saƙon siyasa da na addini. Alƙalan suka ce da a yau ne magabatan Amurka za su aika maƙalolin da suka rubuta da sunan aro na Publius ta imel, da sun taka wannan doka. An kafa tarko don ɓera, ya kama kazar gida.

Dokar tarayyarsu ta CAN-SPAM, ta 2003, ta fi hankali, don kan talla kawai ta tsaya: kada ka yi ƙarya a sunan mai aikawa, ka sa adireshinka, kuma in mutum ya ce ka daina, ka daina cikin kwanakin aiki 10. Duk da haka, mai ƙaramar sana'a da ke aiki daga ɗakinta, ko dai ta biya kuɗin akwatin gidan waya, ko ta miƙa wa dubban baƙi adireshin inda take kwana. Na fi son tsarin Kanada na 2014, da ya ce nemi izini kafin ka aika.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda tara bayanan mutane ke zama nama a bakin kura. Koriya ta Kudu ta tilasta amfani da sunan gaskiya a manyan shafukan intanet a 2007, don magance zage-zage. A 2011 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 35 daga irin waɗannan shafuka, a 2012 kotun tsarin mulki ta rushe dokar.

Yanzu ma ko babu doka, kamfanoni da sunan korar tarkace sai sun ce kawo lambar waya. Mai watsa tarkace zai sayi layuka ɗari ya ci gaba da sha'aninsa. Wani abokina kuwa ya ga ana cin kuɗin ma'aikata a wurin aikinsa, ya zauna da dare zai buɗe sabon imel ya kai ƙara ba tare da an san shi ba. Ina zaune kusa da shi shafin ya nemi lambar wayarsa. Ya daɗe yana kallon wurin, yana murza yatsu, ya ce min yana da 'ya'ya uku, sannan ya rufe kwamfutar.